Gangar Sakin Gonaki

Mu a Gidan Jimrau, makiyayi ba ya sa dabbarsa cikin gona sai ya ji ganga. Gwamnati na da tata ranar da ake faɗa a rediyo, amma rediyo bai san gonar wa ta nuna ba, bai san ta wa ke ɗanya ba. Abin da muka gada shi ne, in kaka ta ƙare maigari ya kira Abarci makaɗi, Abarci ya zagaya gari da gangarsa ya ce an saki gonaki. Daga ranar, duk abin da ya rage a daji na dabba ne, kara da harawa da duk abin da mai gona bai kwashe ba, kuma babu ƙara babu biyan ɓarna.

Kakanmu Jimrau, wanda ya sari garin, ya bar wata ƙa'ida a kan gangar nan. Gandun maigari shi ake girbewa a ƙarshe. Kowa ya kwashe nasa tukuna, sannan a taru a yi wa maigari gayya, ran da damin ƙarshe na gandunsa ya shiga rumbu, washegari a buga ganga. Tsohon bai yi karatu ba, amma ya san ɗan Adam. Ya san wanda hatsinsa ke tsaye a daji ba zai yi gaggawar kiran shanu ba.

Ni ana ce mini Ɗangoggo. Uwata ƙanwar tsohon maigari ce, 'ya'yan gidan suna ce mata goggo, sunan ya bi ni har na yi furfura. Maigarin yanzu, Tanimu, ɗan kawuna ne, wato taubashina. Wata uku ya ba ni a duniya, amma bai taɓa cin girman watannin nan a hannuna ba. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwon awaki, tare muka sha kashi a makarantar allo. Tun muna yara ban san wata gaisuwa tsakanina da shi ba sai zagi. Ni in ce masa bawana, shi ya ce mini bawansa, har yau ba a samu alƙalin da ya raba mana wannan gardama ba. Ran da aka naɗa shi, gari duk ya durƙusa, ni kuwa ina tsaye da takalmana ina tambayar wa ya ɗaure wa kabewa tsumma. Ya yi dariya har rawanin ya kusa warwarewa. Taubashi ba ya durƙusa wa taubashinsa ko da ya zama sarkin duniya, kowa ya san haka.

Ina son a fahimce ni, Tanimu ba mugun mutum ba ne, kuma da kyau ya fara. Shekara biyu na farko gandunsa na ƙarshe, kamar na ubansa. A ta uku aka kira masu gari wani dogon taro a Maradi daidai lokacin girbi, ya roƙi a yi masa gayya da wuri kafin ya tafi. Muka yi masa da daɗin rai. Da shekara ta kewayo babu wani taro, amma masu zama kusa da shi a fada suka ce ai bara ma haka aka yi, kuma bai dace hatsin maigari ya kwana a daji tsuntsu na ci ba. Tanimu bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Aka yi.

Shanu kuma a hankali suka zo. Wanda aka raba wa rigimar iyaka ya kawo tunkiya ta godiya. Baƙon makiyayi mai neman wurin zama kusa da rijiya ya bar karsana. Ban taɓa ganin Tanimu ya roƙa ba, ban kuma taɓa ganin ya mayar ba. Kafin shekara bakwai ya tara garke, ya samu mai yi masa kiwo, da damina a kai su arewa wajen Azagor, da kaka su gangaro da yunwa su tsaya bakin burtali suna kallon gonaki. To mutumin da rumbunsa ya cika tun farkon kaka, shanunsa kuma na kuka a bayan gari, ba sai an gaya maka yadda zai riƙa jin ranaku na yi masa tsawo ba. Kowace shekara ganga na matsowa, kwana uku, kwana biyar. Mutane na gunaguni a gindin rumbunansu, su yi sauri su kwashe abin da za su iya, sauran su bar wa Allah.

Bana abin ya zo da wuya. Ruwa ya sauka muka yi shuka, sai ya ɗauke kwana ashirin da biyar. A gonakin gabas, inda tawa take, hatsi ya ƙone ƙurmus. Muka sake shuka, wanda ya fito bai yi abin kirki ba, ni dai abin da na ɗaure ba zai kai gidana ƙarshen sanyi ba. Sai muka bi gonakin da wake a makare, Allah kuma ya ba da ruwan ƙarshe, waken ya yi kyau irin wanda na daɗe ban gani ba. Shi ne abincinmu na bana, mu wajen gida ashirin. Abin da yake nema kawai sati biyu ya bushe a yi roro. Da ma mun riga mun ba gandun maigari kwana huɗu daga cikin kwanakinmu.

Ran Asabar da hantsi ina gyaran dangar gida sai ga Abarci. Ya gaishe ni, ya zauna bisa turmi, ya yi ta juya hularsa a hannu.

"Ɗangoggo, an ce in buga ran Juma'a."

"Wace Juma'a?"

"Wagga mai zuwa. Bayan an sauko masallaci."

Na ce masa waken gabas ko rabi bai bushe ba. Ya ce ya sani, gonar ƙanensa na can. Ya ce shi makaɗi ne, abin da aka ce ya buga shi yake bugawa, ya dai zo ya gaya mini don ni kaɗai ke da bakin magana a fada.

Kafin azahar labari ya gama gari, aka fara sallama a ƙofar gidana. Maganar kowa ɗaya ce: kai ne taubashinsa, kai kaɗai za ka faɗa masa ba a ce ka yi rashin kunya ba. Azara, wadda gonarta ke iyaka da tawa, ita ke noma da kanta tun da mijinta ya tafi Libiya, ta ce mini, "Baba Ɗangoggo, in shanu sunka shiga wakena, ban san abin da za ni ba ɗiyana ba." Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin yadda ake zuwa wurina. Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, gobe zan wanke shi tas.

Fadar Tanimu ba wani gini ba ne, inuwar wata tsohuwar bishiyar bedi ce a ƙofar gidansa, da tabarmi da kujera ɗaya. Washegari na same ta cike. Na ratsa mutane da takalmana kamar kullum, na tsaya a kansa.

"Kai ɓarawon harawa! An ce shanunka sun aiko maka takarda daga burtali, sun ce ka ba su waken talakawa su yi kalaci."

Fada ta fashe da dariya. Na ci gaba, ban rage komai ba. Na ce kakanmu ya bar gandu a ƙarshe, jikansa ya ɗauko shi ya kai gaba. Na ce mun noma masa, mun girbe masa, yanzu saura mu tauna masa. Na ce in aka buga ganga ran Juma'a, gida ashirin za su ci rani da hamma. Duk maganar da na jefa, sai dariya ta ƙaru. Wani tsoho har yana share hawaye da bakin rigarsa.

Tanimu ya jira na gama, ya nuna ni da carbinsa.

"Ku ji shi hwa! Mutumin da ya yi shuka ran da mutane ke maimai, shi za ya koya mani lokaci. Bawana, in wakenka ya ƙi nuna, taho gidana ka ci tuwo. Bawa ba shi kwana da yunwa ubangidanai na da rai."

Aka sake kwashewa. Ya sa aka kawo mini fura mai nono, na zauna na sha, aka shiga wata hira. Da na tashi tafiya mutane na dafa kafaɗata suna cewa yau kam ka gaya masa. Na dawo gida ina jin kaina kamar wanda ya ci kokawa.

Matata Balkisu na tankaɗe a tsakar gida. Na ba ta labari tun daga farko, har ina kwaikwayon muryarsa. Ba ta yi dariya ba.

"To an ɗaga ranar?"

Na ce ba a kai ga wannan ba tukuna, amma ya ji.

"Shekara nawa shina ji?" in ji ta. Ta buga rariya a gefen ƙwarya. "Malam, ka san abin da kake yi ma garin ga? In tukunya ta tahwasa za ta zuba, kai ne mai ɗaga marhi. Kumhwa shi sauka, a mai da marhi, wuta na nan inda take. Mutane su zo da hushi, ka ba su dariya, su koma gida da sanyi. Ko shi ya ɗauke ka aiki, iyakar abin da za ka yi mishi ke nan."

Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, don na san gaskiya ce. Na zauna na tuna shekarun nan ɗaya bayan ɗaya. Babu abin da Tanimu ya yi da ban faɗa masa a bainar jama'a ba, kuma babu ko ɗaya da ya fasa. Na ɗauka ni ne jarumin gari, ashe da ni ake cin mutane.

Ran Talata na hau kabu-kabu zuwa Dakoro. Na sami biro, wato ofishin da ake kai maganar gona da kiwo, na jira layi ya zo kaina. Ma'aikacin da na samu saurayi ne mai natsuwa, ya ba ni kujera, ya saurare ni da kyau, yana rubutawa. Ya ce sakin gonaki kafin a gama kwashe amfani ba ƙaramar magana ba ce, irinta ke jawo rigima tsakanin manoma da makiyaya. Na ji zuciyata ta fara kwanciya. Ya ce bari ya ji ta bakin maigarin, ya nemo lambarsa ya kira, ya ajiye salular bisa tabur yadda ni ma zan ji.

Suka gaisa. Ya gaya masa an kawo kuka a kan ranar ganga. Tanimu ya tambaya wa ya kawo. Saurayin ya duba takarda ya ce wani Ɗangoggo.

Dariyar Tanimu ta cika ɗakin. "Ɗangoggo? Har nan ya iso? Yallaɓai, taubashina ne! Bara ma ya ce za ya kai ni ƙara don na hi shi kyau. Don Allah ku riƙe mani shi, ku sa shi sharar biro, bawana ne, na ba ku aro."

Saurayin ya dube ni, bakinsa ya fara motsi, sai ya ajiye alƙalami ya kama dariya shi ma. Ba da mugunta ya yi ba. Duk ɗan ƙasar nan da aka ce masa tsakanin taubasai ne, ya san ba a shiga. Na rantse masa ba wasa nake ba, ya ce ai taubashin kirki ko rantsuwa yake ba a gane wasansa. Da ya ga fuskata ba ta sake ba, sai ya ce to in da gaske ne, in kawo mutum biyu cikin masu gonakin, waɗanda ba wasa tsakaninsu da maigari, su faɗa da bakinsu, shi kuma zai yi abin da ya dace. Ya raka ni har ƙofa yana cewa in gaida masa ubangidana.

Mutum biyu cikin gida ashirin, na ɗauka abu ne mai sauƙi. Ran Laraba na bi su gida gida. Na farko ya ce yana da rigimar iyaka gaban maigari, ba a yanke ba tukuna. Na biyu ya ce ɗiyarsa na aure a gidan. Wani ya ce in irin shuka na taimako ya zo, maigari ke faɗin sunaye. Wani ya ce ƙafarsa na ciwo, alhali a tsaye na same shi yana sassaƙa turmi. Azara ta ce za ta je, surukinta ya ce ba da yawunsa ba, matar ɗansa ba za ta kai maigari ƙara ba mijinta ba ya gari. Ban ga laifin kowa ba. Kowannensu gobe zai wayi gari a garin nan, kuma wurin mutumin nan zai koma in akuyarsa ta ɓata.

Da la'asar na wuce gonata. Waken ya yi luf a ƙasa, kowarsa, wato kwanson, ta fara ja daga gindi, ta sama kuwa kore shar. Daga inda nake tsaye ina hango shanu a bakin burtali, farare da jajaye, sun jera kai suna kallon gabas. Su ma ba su da laifi, yunwa suke ji. Na daɗe a tsaye. Abin da ya rage mini guda ɗaya ne, na san shi tun a hanyar Dakoro, ina ta kauce masa ne kawai.

Ran Alhamis da safe na yi wanka, na sa rigata ta Juma'a. Balkisu ta dube ni ta ce ina zuwa, na ce fada.

Fada ta cika, har Abarci na gefe. Tun daga nesa, inda talakawa ke tuɓe takalma, na tsaya na tuɓe nawa. Na taka a hankali har bakin tabarma, na durƙusa, na dunƙule hannu na ɗaga.

"Ranka shi daɗe."

Aka fashe da dariya. An ɗauka sabon wasa na zo da shi. Tanimu ya buga cinya.

"Alhamdu lillahi! Yau bawa ya san ubangidanai. Matso ka matsa mani ƙahwa."

Ban ɗaga kai ba. Na sake cewa, "Ranka shi daɗe. Allah shi ja zamaninka. Talakanka ne, mai gona a gabas, ya kawo kuka."

Dariyar ta ragu, ta koma ɗaiɗai, ta mutu. Wani ya yi tari. Na ji kujerar Tanimu ta motsa.

"Kai, wane irin wasa ne wanga? Tashi, ka ɓata rigarka, ita ɗai gare ka."

Wallahi amsa ta zo mini har bakin harshe, mai daɗi, wadda za ta kwantar da fadar nan da dariya. Na haɗiye ta. Ban taɓa haɗiye abu mai ɗaci kamarta ba.

Na yi magana da ƙaramar murya, yadda kowane talaka ke yi. Na ce hatsin gabas ya ƙone, wake ne kaɗai ya rage wa gida ashirin. Na ce waken bai bushe ba, ana neman kwana goma sha biyar kafin a gama roro. Na ce mun ba gandu kwana huɗu tun farkon kaka ba mu yi ƙorafi ba. Na ce in an buga ganga gobe, shanun da za su fara shiga waken nan kowa ya san na wane ne. Kalmomin duk na ran Lahadi ne, babu sabuwa ko ɗaya. Amma ran Lahadi an yi dariya, yau kuwa ana jin kukan kurciya a kan bedi.

Tanimu ya sunkuyo, ya rage murya yadda sai na kusa za su ji.

"Ɗangoggo, ka san abin da kake yi?"

"Na sani, ranka shi daɗe."

"Tashi mu shiga ciki, mu yi magana ni da kai."

"A nan anka saba kawo kuka, ranka shi daɗe."

Sai a lokacin na ɗaga kai na dube shi. Ban ga fushi a fuskarsa ba. Da fushi na gani da ya fi mini sauƙi. Kallon da yake mini irin wanda mutum ke yi wa ɗan'uwansa ne in ya hau mota zai yi tafiya mai nisa. Na ji tausayinsa ya kama ni, na ji kuma tausayin kaina.

Ya gyara zama, ya ja rawaninsa ya rufe haɓa. Ya juya wurin mutanen fada.

"Gaskiya ne waken gabas bai bushe ba?"

Mutanen da kullum ke bin hanyar gabas zuwa kasuwar Sabon Maci suka shiga kallon yatsun ƙafarsu. Shi kansa mai tambayar ya bi hanyar a kan moto bai fi kwana uku ba. Can sai Abarci ya ce daga gefe, "Bai bushe ba, ranka shi daɗe." Tsohon nan da ya share hawayen dariya ran Lahadi ya ce shi ma ya gani, da saura. Daga nan aka samu baki, wannan ya ce haka ne, wancan ya ce lalle da saura, har da waɗanda suka fara cewa bai dace hatsin maigari ya kwana a daji ba.

"Kwana nawa ka ce?" in ji Tanimu.

"Goma sha biyar."

"An ba ku. Abarci, aje ganga sai na kira ka."

Na yi godiya. Na ce akwai kuma maganar gandu, a mai da shi ƙarshe kamar yadda aka gada, don kada baɗi a sake dawowa nan.

"Kuka guda ka kawo, an share maka," in ji shi. "Wancan sai wani zama. Tashi, Allah shi yi albarka."

Haka yake sallamar kowa. Na tashi, gwiwoyina na ƙara, na ja da baya har inda takalmana suke. Babu wanda ya dafa kafaɗata.

Waken ya bushe, muka yi roro. Kwana goma sha biyu muka yi a gona tun daga asuba, mata da maza, muka kwashe kowar wake, muka naɗe harawa muka ɗora bisa itatuwa da rufin ɗaki. Azara ta cika ɗan rumbunta har ta ari buhu. Shanun maigari suka yi zamansu a bakin burtali, na ji an ce sai da ya sayi dusa daga Dakoro, maraƙi ɗaya kuma ya mutu. Ran da Abarci ya buga ganga babu abin da ya rage a gabas sai kara. Mutane sun yi mini godiya, amma yawanci a bayan gida, ko a hanyar rijiya in ba kowa. Wasu har sun fara tambayata yadda za a yi da maganar gandu baɗi. Na ce musu hanyar fada a buɗe take, inda na tuɓe takalmana ma ba a gina komai a wurin ba. Abin da nake da shi wanda ba su da shi, na riga na kashe.

Ban koma fada ba, don ban san da wace ƙafa zan shiga ba. A masallaci sahunmu ɗaya, amma yana fita mutane ke kewaye shi. Na gaya wa kaina fushi ne, zai huce, wata rana zan ji an jefe ni da ƙwallon magarya daga baya in juya in gan shi.

Bayan wata guda matar ɗana ta haihu. Ana gobe suna, da hantsi, ina zaune a tsakar gida sai na ji sallama a ƙofa. Na san muryar, amma ban yarda ba, don mai muryar bai taɓa yin sallama a gidan nan ba. Shi dai sai ka gan shi tsakar gida yana buɗe tukwane yana cewa matar bawa ba ta iya miya ba. Aka sake sallama, aka yi ta uku. Na fita.

Tanimu ne, shi da mutum biyu, da rago a hannun ɗayansu. Yana tsaye nesa da bakin ƙofa kamar baƙo. Ya miƙo mini hannu biyu.

"Malam Halidu, barka da arziki. An samu ƙaruwa. Ina mai jego? Allah shi raya."

Halidu sunana ne na yanka. Shekara hamsin da shida ban taɓa jin sa a bakinsa ba, har na ɗauka bai san shi ba. Na amsa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiyar kaka, ya tambayi jikin Balkisu, bai tsallake ko ɗaya ba. Na dubi ragon, na ga dama ta samu.

"Wanga rago ko kare? Bawana, rowa za ta kashe ka."

Mutanen da ke tare da shi suka fara murmushi suna dubansa, suna jiran ya rama. Ni ma ina jira.

Ya yi ɗan murmushi irin na manya. "A yi haƙuri da shi, abin da ya samu ke nan. Allah shi bar zumunci." Ya sake ba ni hannu, ya juya, mutanensa suka bi shi.

Na tsaya riƙe da igiyar ragon har suka sha kwana. Da na shiga gida Balkisu ta ajiye mini akushi, sabon wake ne da mai da yaji, yana tururi. Ta ce in ci tun da zafi. Na wanke hannu, na kai loma ɗaya. Waken ya yi daɗi, babu abin da ya rasa. Na rufe akushin na ce ta ajiye mini sai an jima.